Daga Kaka Zuwa Jika: Tarihin Gidan Abincin Kowloon na Iyalin Wong

Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar da ba tasa ba ya san akwai ƙofofin da ba a saurin buɗe wa baƙo. Gona mai kyau ta ɗan gari ce, sarauta tasa ce, aikin gwamnati ma sai ya ɗiba ya rage. Ƙofar da ba a cika rufewa ba ita ce ta ciyar da mutane, domin mai jin yunwa ba ya tambayar asalin wanda ya dafa. Saboda haka ne ake samun baƙi a bakin murhu kusan ko'ina a duniya, kuma da yawa daga cikinsu da kuɗin tukunya suka yi aure, suka gina gida, suka sa ƴaƴansu makaranta.

A wannan fitowa mun kawo wa masu karatu tarihin wani iyali na Sinawa da suka bi wannan hanya a Amurka. Gidan abincinsu, mai suna Kowloon, yana garin Saugus na jihar Massachusetts, ƙasa da kilomita 20 arewa da birnin Boston. An buɗe shi a 1950 da kujerun da ba su wuce 50 ba, ya bunƙasa har ya kai kujeru 1,200, kuma a 2025 ya cika shekara 75 a hannun zuriya ɗaya. Ya kamata mu faɗa tun da wuri cewa gida ne da ake sayar da barasa da naman alade, an kuma ƙawata shi da sassaƙen gumaka, don haka ba wurin da za mu aika Musulmi cin abinci ba ne. Abin da ya ja hankalinmu shi ne iyalin: yadda suka fara, yadda suka raba aiki a tsakaninsu, abin da suka sadaukar don a karɓe su, da tambayar da ta tsaya musu bayan rasuwar iyaye, wadda ita ce ke tsaya wa kowane gida mai sana'ar gado.

Dokar da ta tura Sinawa madafa

Sinawa sun fara shiga Amurka da yawa ne bayan an gano zinariya a Kalifoniya a 1848. Akasarinsu manoma ne daga lardin Guangdong na kudancin Sin, yankin da Turawa ke kira Kanton. Da haƙar zinariya ta ja baya, sai suka koma aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa gabashin Amurka da yammacinta. Su ne mafi yawan leburorin da suka fasa duwatsu a ɓangaren yamma har aka gama aikin a 1869.

Da aiki ya ƙare, sai godiya ta koma ƙiyayya. Aka ce suna karya farashin ƙwadago, suna ƙwace wa Turawa abinci. A 1875 aka yi dokar da ta toshe wa yawancin matan Sinawa hanyar shigowa. A 1882 kuma majalisar ƙasar ta zartar da dokar hana leburorin Sinawa shiga Amurka baki ɗaya, ta kuma haramta wa waɗanda ke ciki zama ƴan ƙasa. Abin bai tsaya a takarda ba. A 1885, a garin Rock Springs na yankin Wyoming, masu haƙar kwal sun far wa abokan aikinsu Sinawa suka kashe mutum 28. Ba a soke dokar ba sai a 1943, kuma ko a lokacin mutum 105 kaɗai aka yarda su shigo a shekara. Sai a 1965 aka buɗe ƙofa sosai.

Mutanen da aka kora daga ma'adinai da masana'antu sun koma ga sana'o'i biyu da Turawa maza ke ƙyama a wancan zamani, wato wanki da guga, da kuma dafa abinci. Sai dai dokar 1882 ta bar wata kafa: ta yarda ƴan kasuwa su shiga su fita, su kuma kawo iyalansu. A 1915 hukuncin wata kotun tarayya ya sa masu manyan gidajen abinci cikin jerin ƴan kasuwa. Masaniyar tarihi Heather Lee ta nuna yadda Sinawa suka ci moriyar wannan kafa da wata dabara mai kama da adashi. Mutane da dama sukan haɗa kuɗi su buɗe gida ɗaya, sai su riƙa karɓa-karɓa a kujerar manaja. Wanda ya cika lokacinsa ya sami takardar ɗan kasuwa, ya je gida ya ɗauko matarsa da ƴaƴansa, sannan ya ba na gaba wuri. Da haka gidajen abincin Sinawa suka yawaita a biranen Amurka, har daga baya aka ƙiyasta sun haura 40,000.

Abincin da suke sayarwa ma ba irin na gida ba ne sak. Sun ƙara zaƙi, sun yawaita suya, sun rage abin da zai ba Bature tsoro. Mai hikima ya ce in ka je gari ka tarar da kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura.

Kujeru hamsin a bakin hanya

Cikin wannan yanayi ne wasu ma'aurata, Chun Sau Chin da matarsa Tow See Chin, suka sami wani ƙaramin gini da a da ake sayar da askirim a cikinsa, a bakin babbar hanya mai lamba 1 da ta fita daga Boston ta nufi arewa. A 1950 suka mayar da shi gidan abinci, suka sa masa suna Mandarin House. Zaɓin wurin yana da ma'ana. Boston tana da unguwar Sinawa tun ƙarni na 19, kuma a can ne aka saba zuwa cin abincinsu. Amma bayan yaƙin duniya na biyu iyalai sun fara barin tsakiyar birni suna komawa sababbin unguwanni na kewaye, kowane gida da motarsa. Chin da matarsa sun bi masu ciniki zuwa inda suka koma, suka zauna a hanyar da dole a bi ta gabansu safe da yamma.

Shekara takwas bayan haka, a 1958, ƴarsu Madeline da mijinta William Wong, wanda aka fi sani da Bill, suka karɓi gidan. Yana da kyau a lura da yadda aka yi wannan miƙa hannu: saye suka yi. Ƴa da suruki sun biya, gida ya zama nasu, kowa ya san matsayinsa. Suka sauya sunan zuwa Kowloon, sunan wani yanki na Hong Kong wanda ma'anarsa a harshen Kanton ita ce dodanni tara. Daga nan suka ɗauki matakin da ya sauya tarihin gidan: suka lulluɓe abincin Sinawa da adon tsibiran tekun Fasifik, irin adon da Amurkawa ke kira tiki.

Mene ne tiki?

Polinesiya suna ne na ɗimbin tsibirai da ke warwatse a tekun Fasifik, tsakanin Hawai a arewa, New Zealand a kudu maso yamma, da tsibirin Rapa Nui a gabas. A al'adar Maori, mutanen asali na New Zealand, Tiki shi ne sunan mutumin farko, kuma da wannan kalma ko makamanciyarta ake kiran siffofin da ake sassaƙawa da itace ko dutse a tsibirai da dama. Ga masu su, abubuwa ne na bauta da tunawa da kakanni.

Salon gidan abinci mai wannan suna kuwa a Kalifoniya aka ƙirƙiro shi, kuma ba ɗan tsibiri ne ya ƙirƙiro shi ba. Amurka ta haramta sayar da barasa daga 1920 zuwa watan Disamba na 1933. Da aka ɗage haramcin, wani Bature mai yawon duniya, Ernest Gantt, ya buɗe mashaya a Hollywood da aka sani da Don the Beachcomber. Ya cika ta da gora, da tarun kamun kifi, da tarkacen da ya tsinto a tafiye-tafiyensa, yana haɗa barasar rake mai araha da ruwan ƴaƴan itace. Wani kuma, Victor Bergeron, ya buɗe tasa a Oakland a 1934, ya ga abin da Gantt ke yi, ya kwaikwaya, ya sauya wa gidansa suna zuwa Trader Vic's. Da suka tashi neman abincin da zai dace da wannan ado, ba su je tsibirai ba. Kukun Sinawa suka ɗauka, suka dafa abincin Kanton, aka sa masa sunaye masu kama da na Hawai. A bayan kanta kuma ƴan Filifin ne da yawa ke haɗa abin sha. Ke nan tun daga tushe hannun mutanen Asiya ne ke aikin, suna da riba kuwa na Turawa.

Abubuwa da dama suka taru suka hura wutar wannan yayi. Dubban ɗaruruwan sojojin Amurka sun yi yaƙi a tekun Fasifik daga 1941 zuwa 1945, suka dawo da labaran tsibirai. A 1947 wani ɗan Norway, Thor Heyerdahl, ya ƙetara daga Peru zuwa Polinesiya a kan gadon itace mai suna Kon-Tiki cikin kwana 101, duniya ta ɗauka. A 1958, shekarar da su Wong suka sayi gidansu, aka fito da fim ɗin South Pacific. A watan Agusta na 1959 Hawai ta zama jiha ta 50 ta Amurka. Ma'aikacin da ke fama da dusar ƙanƙara a Massachusetts, wanda albashinsa ba zai kai shi Honolulu ba, yana iya biyan kuɗin dare ɗaya a ƙarƙashin itacen kwakwa na roba.

Masu gidajen abincin Sinawa sun duba suka ga cewa abincinsu ne ake sayarwa da tsada a waɗannan wurare, bambancin kawai ado ne da fitilu. Sai su ma suka sayi gora da sassaƙe, suka ɗaga farashi. A jihohin arewa maso gabashin Amurka wannan haɗi na Sin da Polinesiya ya kafu fiye da ko'ina, har ya zama abin da yaran yankin suka tashi suna ɗauka shi ne ainihin abincin Sinawa.

Akwai wanda ya biya kuɗin wannan wasa. An hamɓarar da Sarauniya Liliuokalani ta Hawai a 1893, Amurka ta haɗiye ƙasar a 1898, sannan aka mayar da abin bautar mutanenta kofin shan barasa. Ƴan tsibiran da yawa sun bayyana ɓacin ransu kan haka, kuma duk wanda ya san zafin a yi wasa da abin da yake girmamawa zai fahimce su, ko da bai yarda da abin da suke bauta wa ba. Su kansu Sinawan sun biya nasu kason: don a karɓe su, sai da suka sa rigar wata al'umma da ba tasu ba.

Yadda gida ya girma

Bill da Madeline ba su rushe ƙaramin ginin suka gina ƙato a dare ɗaya ba. Ɗaki-ɗaki suka riƙa ƙarawa yayin da ciniki ke ƙaruwa, har gidan ya zama tarin zaurukan da kowanne ke da irin adonsa. A gaba akwai dogon rufi mai tsini da wani sassaƙe da ya fi mita 4 tsawo, wanda direba ke hangowa daga nesa. A ciki akwai zauren da aka yi wa maɓuɓɓugar ruwa da itatuwan kwakwa, da wani da aka gina kamar saman jirgin ruwa, ga zanen dutse mai aman wuta a bango. A bene akwai manyan ɗakunan biki.

Madeline ba ta tsaya a gidan abinci kaɗai ba. Ta yi shekaru tana aikin dillancin inshora, ta kuma yi fice a cikinsa, ga renon ƴaƴa shida. Wannan ya sa iyalin ba su dogara da ƙofa ɗaya ba, kuma duk wanda ta sani ta hanyar inshora ya san inda zai kai iyalinsa cin abinci. A 2001 masu sana'ar gidajen abinci na jihar suka karrama ta tare da mijinta.

Ƴaƴan sun tashi cikin aikin, kamar yadda aka saba a gidajen Sinawa, inda yaro kan yi aikin makaranta a teburin baya, in ya gama ya tashi ya taya kwashe kwanuka. Da suka girma sai ragamar ta koma hannunsu, kowa da sashen da yake kula da shi. Bob Wong ne aka fi gani yana magana da yawun gidan a gaban ƴan jarida. Ɗan'uwansa Donald Wong ya shiga siyasa, aka zaɓe shi a 2010 ya wakilci yankin Saugus a majalisar dokokin jihar Massachusetts. Mai karatu ya tuna cewa har zuwa 1943 doka ba ta yarda wanda aka haifa a Sin ya zama ɗan ƙasa ba, balle ya yi zaɓe. Cikin shekara 67 jikan masu Mandarin House ya zauna a inda ake yin doka.

Abin da ya raya gidan shi ne rashin tsayawa wuri ɗaya. Daga shekarun 1970 yayin tiki ya fara gushewa. Matasan da suka ga yaƙin Biyetnam a talabijin ba su ga abin sha'awa a bukkokin ƙarya ba. Bayan dokar 1965 kuma sababbin baƙi sun shigo da abincin wasu lardunan Sin, Amurkawa suka gane cewa abin da suka saba ci kwaikwayo ne. Su Wong ba su cire tsohon adonsu ba, amma sun ƙara abincin Sichuan mai yaji, da na Tailan, da sushi na Japan. Suka buɗe dandalin masu wasan barkwanci a bene, inda shahararru irin su Jerry Seinfeld suka taɓa tsayawa. Suka buɗe ƙofa ga bukukuwan aure da tarukan tsofaffin ɗalibai. Da annobar korona ta rufe gidajen abinci a 2020, sai suka mayar da filin ajiye motoci wurin kallon fim, ana kai wa mutane abinci har cikin motocinsu. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Waɗanda suka faɗi a hanya

Don a san darajar shekara 75, sai a dubi maƙwabta. A kan wannan hanya mai lamba 1 akwai Hilltop Steak House, gidan nama da aka buɗe a 1961, wanda a zamaninsa ana lissafa shi cikin mafiya ciniki a duk Amurka. Ya fita daga hannun wanda ya kafa shi, ciniki ya yi ta raguwa, aka rufe shi a 2013. A kan wani tudu a garin na Saugus an gina Weylu's a 1989, ƙaton gidan abincin Sinawa mai siffar fadar sarki. An gina shi da girmansa tun ranar farko, nauyi ya fi ƙarfin ciniki, ya durƙushe cikin shekaru kaɗan, aka rushe ginin a 2015. A birnin Columbus na jihar Ohio, Kahiki, wanda aka buɗe a 1961 kuma ake yi wa kallon ɗaya daga cikin mafiya kyawun gidajen tiki, an rufe shi a 2000 aka rushe don a gina kantin magani. A garin Chicopee na Massachusetts, iyalin Yee sun riƙe Hu Ke Lau daga 1965 har suka rufe shi a 2018.

Dalilan faɗuwar sun bambanta. Wani bashi ne ya ci shi, wani filin da yake kai ne ya fi abincin daraja, wani kuma magada ne suka gaji. A watan Disamba na 2019 jaridar New York Times ta ba da rahoton cewa gidajen abincin Sinawa suna raguwa a manyan biranen ƙasar, kuma da yawa daga cikin masu su ba su ɗauki hakan asara ba. Sun ce don ƴaƴansu su tsira daga tsayuwar awa goma sha biyu a gaban wuta suka yi wahalar, ga shi kuwa ƴaƴan sun zama likitoci da injiniyoyi.

Madubi daga Suki da Mai Wurno

Labarin nan na iya zama kamar na nesa, amma ƴan'uwanmu da ke gabar Shuɗin Nilu a Sudan za su gane shi da sauri. Hausawa sun daɗe suna bin wannan hanya da ƙafa zuwa aikin hajji, wasu su tsaya neman guzuri, tsayuwar ta zama zama. Bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yuli na 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka sauka kusa da Sinnar wajen 1906, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, ƙwadagon mutanen yamma ya zama abin nema, ƙauyukan Hausawa suka yawaita daga kewayen Wad Madani har zuwa Suki da kudancinta.

Su ma an so guminsu fiye da yadda aka so su. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun kafin 1898, sharaɗin da ya bar da yawa daga cikin waɗanda aka haifa a can a matsayin baƙi. A gonakin Jazira akasarinsu leburori ne ko masu noman raba-daidai a filin wani. Rikicin da ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu a watannin Yuli da Oktoba na 2022, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka, tushensa tambaya ce ta wa ke da ikon ƙasa da sarauta.

A nan ma wuta da nama sun buɗe ƙofar da doka ta tura. Agashe, wato naman da ake yankawa falle-falle, a turbuɗe shi da garin gyaɗa da yaji, a gasa a gefen garwashi, ya fita daga unguwannin Hausawa ya zama abincin maraice na Sudan, daga Umdurman zuwa Gadarif da Port Sudan. Kowane Bahaushe ya ji sunan ya san daga bakin wa ya fito. Sana'a ce ta gida: uba na bakin wuta, yara na soke nama da kai wa masu saye, mata na cikin gida suna suyar gyaɗa da dakan yaji. Mai agashe ya yi sa'ar da su Wong ba su samu ba, domin abincin kakanninsa ya sayar, da sunan da suka sa masa, bai kuma nemi abin da addininsa ya hana ba kafin a zo gabansa. Inda su Wong suka sha gabansa shi ne tsari: mallakar fili, rubutaccen ciniki, da gini da ke ƙaruwa daga zuriya zuwa zuriya. Sau da yawa tukubar mai nama takan mutu ranar da aka binne mai ita. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, wanda ya isa Suki kanta a 2024, ya kuma nuna wata fuskar abin: gini da gona ana barinsu a gudu, sana'ar hannu kuwa tana bin mai ita duk inda ya sauka.

Tambayar gado

Bill Wong ya rasu a 2011, Madeline ta bi shi a 2022. Ƴaƴan da suka karɓa su ma yanzu dattawa ne. Gidan abinci mai kujeru 1,200 yana buƙatar ɗimbin ma'aikata, da gyara ba dare ba rana, da mai gida da zai tsaya har tsakar dare, ranar biki da ranar hutu. Filin da yake kai kuma, a bakin babbar hanya kusa da Boston inda gidan haya ke tsada, ya zama dukiya mai yawa. A farkon shekarun 2020 iyalin suka sanar da shirinsu na rushe tsohon ginin, a gina benayen haya a wurin, a bar ƙaramin Kowloon a ƙasan bene. Masu ciniki da suka yi bikin aurensu a can sun yi baƙin ciki. Iyalin kuwa sun zaɓi su rage gidan da hannunsu tun suna da ƙarfin yanke shawara tare, maimakon su bar wa jikoki kayan da ba su ce za su ɗauka ba.

Mai gida da ke da shago, ko tukuba, ko injin niƙa, ko motar haya, zai iya ɗaukar abin amfani a nan. Su Chin sun miƙa gidansu tun suna raye, a kan ciniki bayyananne, kuma ƴa mace ce ta karɓa tare da mijinta. Mu a wurinmu sau nawa ake jira sai an dawo daga maƙabarta kafin a tambayi na wane ne shago, nawa ne jari, wa ake bi, wa ke bi? Ɗan da ya yi shekara ashirin yana tsaron kanti ba albashi yakan wayi gari kasonsa ɗaya da wanda bai taɓa ɗaga buhu ba, daga nan zumunci ya fara tsami. Rabon gado yana da ƙa'idarsa da ba a taɓawa, amma babu abin da ya hana uba ya yanka wa mai yi masa aiki lada tun yana raye, ya rubuta abin da ke na gida da abin da ke na kasuwa, ya kira shaidu.

Sannan a tambayi yaran. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ƴaƴa shida na gidan Wong sun nuna abin da haɗin kai ke iya yi, amma wanda aka ɗaure a sana'a ba da son ransa ba shi ne yakan fara sayar da ita. Wanda yake so a koya masa tun yana ƙarami, a ba shi sashensa, a bar shi ya gwada sabon abu ko da bai yi wa tsoho daɗi ba. Wanda zuciyarsa ke wani wuri a sa masa albarka ya tafi, a kuma koya masa aikin ko da kaɗan ne, domin ba a san inda rana za ta faɗi ba.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya haɗa kan zuriyarmu, ya kuma mayar da ƴan'uwanmu na Sudan gidajensu lafiya.